Bayit takwas da suka hana ni barci a Domayo

Ɗan Domayo (Marwa):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Taimako nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayanin. Ina da 'yar sana'ar raba intanet a unguwa, gidaje da shaguna kamar 60, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa ta PPPoE, wato tsarin da mutum ke shiga layin intanet da suna da kalmar sirri. Watan jiya na buɗe reshe a wajen kasuwa, na karɓi wani layi a can, na haɗa rautar reshen (akwatin da ke raba intanet) da ta gida da bututun GRE, wato hanyar da ke haɗa rauta biyu ta cikin intanet, don duk abin da ya fito daga can ya biyo ta gida in riƙa ganin lissafin kowa a wuri guda. Tun ranar ban huta ba. WhatsApp yana tafiya, kira yana shiga, ping, ɗan saƙon gwajin layi, yana dawowa lafiya lau, amma wasu shafuka sai su buɗe rabi su tsaya cak.

Akwai mai shagon buga takardu da ke cike wa ɗalibai fom. Jiya na tsaya a bayansa, yara biyar suna kan benci suna jira, ya danna aikawa, 'yar da'irar nan tana ta juyawa har aka kira la'asar. Bai ce mini uffan ba. Ya dube ni kawai, ya ciro wayarsa ya kunna nasa datan. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na canza waya, na canza rauta, na kira masu layin sun ce daga wajensu komai ƙalau. Me nake yi ba daidai ba?

Mai Eriya (Kuseri):
Wa alaikumus salam. Idan rautocin duka na kamfanin MikroTik ne, cire GRE ka sa EoIP, bututun da su suka ƙirƙira, ka huta. Ni shi nake sa wa kowa.

Baba Injiniya (Garwa):
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka cire komai, amsa mini abu biyu. Layin da kake saye, shi ma da PPPoE kake shiga? Kuma a katangar tsaronka ka toshe ICMP, ƙananan saƙonnin da na'urori ke aika wa juna don sanar da matsala?

Ɗan Domayo (Marwa):
E Baba, duka layukan biyu da PPPoE nake shiga. ICMP kuwa na toshe wanda ke shigowa daga waje gaba ɗaya, na bar ping na cikin gida kawai. Wani bidiyo na gani aka ce hakan ya fi tsaro.

Baba Injiniya (Garwa):
To ga ciwon nan, ba waya ba ce, ba kuma rauta ba. Zauna a kwamfutar mai shagon nan, ka buɗe baƙin allon umarni ka rubuta ping -f -l 1472 sai adireshin wani wuri a waje. Zai ƙi. Ka riƙa rage lambar. Ina sa ran sai ka sauko 1440 zai wuce.

Ga dalili. Bayanai a ƙunshi ƙunshi suke tafiya, ana auna girmansu da bayit, kuma wayar Ethernet tana ɗaukar ƙunshi mai bayit 1500, shi ne faɗin ƙofar. PPPoE yana cin 8 daga ciki, 6 na kansa, 2 na PPP, tsohon tsarin da aka gina shi a kai, saura 1492. Kai kuma ka zo ka sa GRE a ciki, shi ma ya ci 24, wato 20 na sabon kan IP da 4 nasa, saura 1468. Ping kansa yana da 28 a kai, shi ya sa na ce 1440. Saƙon WhatsApp ƙaramin kaya ne, yana shigewa. Fom mai hoto kuwa cikakken kaya ne, ya iso ƙofa ya tarar ta yi masa kaɗan. A ƙa'ida, rautar da kayan ya maƙale a wurinta takan aika wa mai kayan ɗan saƙo cewa ya yi girma, a rage. Wannan ɗan saƙon ICMP ne, nau'i na 3 lamba ta 4, kuma tun 1990 aka rubuta tsarin a RFC 1191, ɗaya daga cikin takardun da ake rubuta tsarin intanet a ciki. Ka ga ka rufe bakin ɗan aiken da zai kai labari. Mai kaya yana ta sake turowa, ƙofa tana ta ƙi, ba wanda ya gaya wa wani.

Ka buɗe wa wannan nau'in hanya, sannan ka sa rautar ta riƙa rage MSS, wato iyakar kayan da ake zubawa a ƙunshi ɗaya, zuwa 1428 a kan duk abin da zai bi bututun. Cire 40 na kan IP da TCP daga 1468 ke nan.

Mai Eriya kuma, ƙanena, EoIP ba ya maganin wannan. Bayit 42 yake ci, ya ma fi GRE. Abin da yake yi shi ne ya farfasa ƙunshin ya haɗa a ɗaya gefen, sai ka ga shafi ya buɗe ka zaci an warke, alhali rautar tana aiki biyu.

Mai Eriya (Kuseri):
Baba, da girmanka, amma idan shafi ya buɗe ai an warke. Mai shago ba ruwansa da rauta ta yi aiki biyu ko goma. Shekara bakwai ina hawa ƙarfe a wannan rana ta Kuseri, ban taɓa buɗe RFC ko ɗaya ba, kuma layukana suna aiki.

Ɗalibar Ngaundare:
Baba, don Allah ina da tambaya, ko da ta ɗan kauce. A aji an ba mu lambobin RFC mu haddace, 1661, 2516, 2661, amma ba wanda ya gaya mana wa ya zauna ya yanke cewa bayit 8 ne ba 10 ba. Gwamnatin Amurka ce? Ko kamfanoni?

Baba Injiniya (Garwa):
'Yata, tambayarki ba ta kauce ba, ita ce ma gindin maganar.

Ni na fara wannan aiki lokacin da modem ke kuka kamar kyanwa kafin ya haɗu. Kafin PPP akwai wani abu da ake kira SLIP. Shi ba ya komai sai ya sa alama a ƙarshen ƙunshi ya tura. Ba ya duba kuskure, ba ya tambayar wane ne kai, ba ya ba ka adireshi, sai kun yi waya da mutumin ɗaya gefen kun daidaita da baki. Da aka rubuta shi a RFC 1055 a 1988, a kan takardar ma an faɗa cewa ba ƙa'ida ba ce, abin da mutane ke yi ne kawai. Kamfanoni kuma kowa da irin nasa salon a kan layin siriyal, na'urar wannan ba ta jin ta wancan.

Sai aka zauna a IETF, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet, wadda ta fara taro a 1986, aka fitar da PPP. Rubutun farko a 1989 ne, wanda ya zauna daram kuwa shi ne RFC 1661 na 1994, William Simpson ne editansa. Abin da ya burge ni da shi har yau shi ne ladabinsa. Na'ura biyu ba sa fara ciniki sai sun gaisa. LCP ne gaisuwar: nawa kake iya ɗauka, ni ga nawa nake iyawa, da wace hanya za mu tantance juna. Idan ɗaya ta kawo abin da ɗaya ba ta sani ba, ba faɗa, sai ta ce wannan ban san shi ba, a cire, a ci gaba da sauran. Bayan gaisuwa sai tantancewa, ko PAP mai tura kalmar sirri tsirara, ko CHAP da ke jefo tambaya a amsa ba tare da kalmar ta bi waya ba. Daga nan IPCP ya ba ka adireshi. Saboda wannan tsarin ne PPP ya bar wayar tarho ya hau Ethernet a 1999 ba tare da an rushe shi ba, har ga shi yau Ɗan Domayo yana cin abinci da shi a Marwa.

IETF ba gwamnati ba ce, ba ta da katin zama ɗan ƙungiya. Suna taro sau uku a shekara, amma yawancin aikin ta wasiƙun imel ake yi, kuma kowa na iya shiga. A 1992 David Clark ya faɗi maganar da ta zama takensu, ma'anarta ita ce ba su yarda da sarakuna ko shugabanni ko ƙuri'a ba, abin da suka yarda da shi shi ne matsayar da akasari suka gamsu da ita da kuma manhajar da aka ga tana aiki. Kafin a kira abu cikakkiyar ƙa'ida, sai an sami aƙalla mutum biyu da kowa ya gina nasa daban, aka haɗa su suka fahimci juna.

Ku dubi mudu a kasuwar hatsi. Ba wanda ya ce mudun nan shi ne mafi kyawun girma a duniya. Amfaninsa shi ne mai gero daga ƙauye da mai saye daga birni sun san abu ɗaya suke nufi.

Mai Eriya (Kuseri):
To Baba bari in faɗi nawa, don kada a ɗauka gardama kawai nake yi. Mudun naku a sama ba ya aiki. Ka ɗauki eriya ka sa ta a kan ƙa'idar 802.11, wato ta Wi-Fi, tsantsa, ka rataya mata gidaje 20, wasu kilomita 1 wasu kilomita 8. Gidajen ba sa jin juna, kowa yana jin uwar eriya kaɗai, sai duk su yi magana lokaci guda, layi ya zama kasuwar ƙauye. Wa ya warware wannan? Kamfanoni ne. Ubiquiti suka fito da airMAX, MikroTik suka fito da Nv2, kowane gida aka ba shi lokacinsa na magana. Ba su jira taro sau uku a shekara ba. Da na tsaya jiran ƙa'ida da yanzu ina sayar da katin waya.

Baba Injiniya (Garwa):
Wannan gaskiyarka ce, ban musa ba. A kan doguwar tazara da gidaje da yawa, ni ma abin da nake kunnawa ke nan. Amma ka faɗi ɗaya rabin: airMAX ba ya jin Nv2. Ranar da tsawa ta ƙone maka uwar eriya a watan Agusta, kuma irinta babu a Kuseri babu a Injamena sai an aiko daga Duwala, gidaje 20 ɗin nan suna zaune a duhu, ko da akwai eriyar wani kamfani a shagon maƙwabcinka. Ka sayi gudu, ka biya da 'yancin canza kaya. Wani lokaci cinikin ya yi, ni dai so nake mutum ya san ya yi cinikin.

A sama, inda iska ke da wuya, na yarda a bi kamfani. Amma bututun da ke bi ta cikin intanet ba iska ba ne, babu wata tsawa ko tazara da ta tilasta maka. A nan ban ga dalilin ɗaure kai ba.

Hajiya Mai Kanti (Injamena):
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ma'aikaciyar wannan fanni ba ce, ɗana ne ya sa ni a zauren nan don abin da ya same ni. Ina da kanti a Injamena da ma'ajiyar kaya a Kuseri. Wani yaro ya haɗa mini kwamfutocin biyu, idan an fitar da katan a can ina gani a nan. Shekara biyu lafiya. Sai ya sami aiki a kudu ya tafi, lambarsa ta daina shiga. Da akwatin Kuseri ya lalace na sayi sabo na wani kamfani, mai kyau, jaka tamanin. Yara uku na kira, kowa ya duba ya ce ba zai haɗu da na Injamena ba, wai yaren da na farko ya sa, akwatin kamfani ɗaya ne kawai ke jin sa, kuma ba wanda ya san kalmar sirrin shiga. Wata ɗaya da rabi ina aika yaro a babur ya ƙetare gadar Ngeli da littafi a hannu, ya ƙirgo kaya ya dawo. Ranar da layin gada ya yi tsawo, sai bayan magariba nake sanin abin da ya rage mini. Ni dai abin da Baba yake faɗa na gane shi a aljihuna.

Mai Eriya, kai da kake kusa, ba za a iya kafa eriya biyu kawai ba? Daga saman ma'ajiyar ana hango Injamena.

Mai Eriya (Kuseri):
Hajiya, a fasaha abu ne mai sauƙi, tazarar ba ta da yawa. Amma kogin nan iyakar ƙasa ce. Harba eriya daga Kamaru zuwa Cadi ba aikin da zan yi miki ba tare da izinin hukuma ba, akwai hukumar sadarwa ta ART a gefenmu, akwai ta ARCEP a gefenku. Bututu ta intanet shi ne hanyarki. Kuma abin da yaron nan ya yi miki bai kyauta ba, ko me ya sa, ya kamata ya bar miki kalmar sirri.

Ɗan Domayo (Marwa):
Baba! 1440 daidai, ko ɗaya bai ƙaru ba. 1441 ya ƙi. Na buɗe ICMP ɗin, na sa 1428. Ina jiran mai shagon ya buɗe da safe in gwada da fom na gaske.

Ɗalibar Ngaundare:
Baba na gode, yau na ga amfanin lambobin. Amma na je na duba wani abu da ya ɗaure mini kai. RFC 2516 na PPPoE, a samansa an rubuta cewa na bayani ne kawai, ba ya cikin jerin ƙa'idoji. Ma'aikatan kamfanoni ne suka rubuta shi, irin su UUNET da Redback. PPTP, wani tsohon bututu, shi ma haka, RFC 2637. WireGuard kuma, sabon bututun da kowa ke yabo yanzu, wanda ya shiga cikin Linux 5.6 a 2020, mutum ɗaya ne ya faro shi, Jason Donenfeld, ba daga IETF ya fito ba. To ashe maganar Yaya Mai Eriya ce ta fito: masu aiki suna yin abu, masu taro suna biyo baya.

Baba Injiniya (Garwa):
Madalla da 'yata, haka ake karatu. Kin kama ni a inda na gajarta. Hatimin IETF ba shi ne abin da nake karewa ba. Abin da nake tambaya a kan kowane bututu shi ne: an rubuta yadda yake aiki a fili? Wani da ba shi ya ƙirƙira ba zai iya ginawa ya haɗu da na asali? Masana sun sami damar dube shi su nemo ɓarakarsa? PPPoE ya cika waɗannan ko da babu hatimi. WireGuard ma haka, bayaninsa a buɗe yake, yana kan Linux da Windows da wayoyi, MikroTik ma sun sa shi a RouterOS 7.

Labarin PPTP kuwa shi ne ya fi koyarwa. A tsakiyar shekarun 1990 Microsoft da abokansa suna da PPTP, Cisco yana da L2F, kowa yana jan mutane zuwa nasa. A IETF aka haɗa su aka ɗauki abin kirki daga kowanne, L2TP ya fito a RFC 2661 a 1999, yana bi ta UDP, ɗaya daga hanyoyin tura ƙunshi, ƙofa mai lamba 1701. Shi L2TP bai yi alkawarin ɓoye komai ba, shi ya sa aka aurar da shi ga IPsec, mai ɓoye bayanai, a RFC 3193 a 2001. PPTP kuwa ya ce zai ɓoye da kansa. Tun 1998 Bruce Schneier da Mudge suka nuna raunin yadda aka gina shi. A 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna cewa fasa MS-CHAPv2, hanyar tantancewar da PPTP ke amfani da ita, bai wuce fasa makulli guda ɗaya na DES, tsohon tsarin ɓoye bayanai mai bit 56, ba. Apple ya cire PPTP daga iOS 10 a 2016. A 2024 Microsoft da kansa ya sanar zai janye PPTP da L2TP daga Windows Server na gaba.

Amma ku shiga ofisoshi da shagunan canjin kuɗi a garuruwanmu ku duba. Har gobe za ku tarar da ƙofar 1723, ta PPTP, a buɗe, lissafin kuɗin mutane yana bi ta ciki. Wannan yana damuna ƙwarai. Wanda ya sa shi ba mugu ba ne, shi ne abin da ya koya, kuma danna uku ne ya haɗu. Ba wanda ya zo ya gaya masa cewa makullin ya daɗe da karyewa.

Malamin Fasaha (Mundu):
Ina bin ku tun jiya. Baba, ni ina cikin masu PPTP ɗin nan, a wata makaranta na sa shi shekarun baya. In cire in sa me? Layukanmu duka na waya ne, ba mu da adireshi na kanmu.

Baba Injiniya (Garwa):
Malam, duba adireshin da rautarka ta samu. Idan tsakanin 100.64 da 100.127 ya fara, kana bayan babbar rautar kamfani ce, kai da ɗaruruwan mutane kuna fita da adireshi guda. A nan GRE yakan wahala, don shi ba shi da lambar ƙofa, lamba ta 47 ce kawai a kan IP, kuma PPTP a kan GRE yake hawa. Abin da ke bi ta UDP ya fi wucewa: WireGuard, ko IKEv2 na IPsec ta ƙofa 500 da 4500. Idan gefe biyun duka a baya suke, ba wanda zai iya ƙwanƙwasa wa wani, sai ku kama hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne a intanet kullum, mai adireshi a fili, kowa ya kira ta ku haɗu a can. Hajiya, ke ma wannan ne maganinki.

Abu biyu ka kiyaye da WireGuard. Ka sa ya riƙa tura ɗan numfashi duk daƙiƙa 25, in ba haka ba rautar kamfani za ta manta da kai. Na biyu agogo. Gaisuwarsa tana ɗauke da lokaci, kuma ɗaya gefen ba ya karɓar gaisuwar da lokacinta ya koma baya. Ƙananan rautocin nan da yawa ba su da batirin agogo, idan wuta ta ɗauke ta dawo sai su farka a wata tsohuwar shekara. Na taɓa kwana biyu a kan wannan a watan Afrilu, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya ana ta rabon wuta. Ka tabbata rautar tana saita agogonta daga intanet kai tsaye, ba ta cikin bututun ba. Girman ƙunshinsa 1420 ne, a kan PPPoE ka mai da shi 1412.

Malamin Fasaha (Mundu):
100.72 ne. Allah ya saka da alheri Baba, zan gwada ranar Asabar da babu ɗalibai.

Shugaban Zaure:
Jama'a, wanda ya turo tallan batir da faifan sola na goge, akwai ranar talla. A ci gaba.

Ɗalibar Ngaundare:
To ni ga abin da ke raina. Mu kullum masu karɓa ne. Intanet ɗinmu daga teku yake zuwa, Duwala da Limbe da Kribi, ya hau fiba ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ya iso mu, na Cadi ma wani kason ta nan yake bi. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma kowa ya ji a jikinsa. Matsalolin da muke fama da su, wuta mai ɗaukewa, agogo mai komawa baya, layin da ke yankewa ana tsakar aiki, su waɗanda ke rubuta ƙa'idojin ba su ne rayuwarsu ba. Idan da gaske kowa na iya shiga, me ya hana mu?

Mai Eriya (Kuseri):
Turanci ya hana mu, ƙanwata. Mu nan da Faransanci muka yi makaranta, waɗanda suka yi. Takardar shafi 50 da Turancin injiniyoyi, ga rana, ga cefane. Ni ban ce ba shi da amfani ba, na ce ba zan iya ba.

Baba Injiniya (Garwa):
Ke da kike da ƙuruciya da Turanci, ki shiga, ki yi wata shida kina karatu ba ki ce komai ba, sannan ki faɗi abin da kika gani da idonki. Rahoton mai aiki a fili yana da daraja a wurinsu. Sai dai PPP kansa ya riga ya zauna daram, ba a cika taɓa shi ba yanzu, ƙarfin aikin ya koma wajen IPsec da sababbin bututu.

Amma ni akwai abin da ya fi kusa da hannunmu, kuma labarin Hajiya ne ya tuna mini. Mu ma'aikatan Garwa da Marwa da Kuseri da Injamena, me zai hana mu yi namu mudun? Ba sabuwar fasaha nake nufi ba. Takarda ɗaya, da Hausa da Faransanci, da duk wanda ya haɗa layi zai cike ya manna a cikin murfin akwati: wane irin bututu ne, adireshin gefe biyu, girman ƙunshi, mitar eriya da inda ta fuskanta, ranar da aka yi. Kalmar sirri kuma a ambulan a hannun mai kaya. Mu kuma yarda a tsakaninmu cewa ba mai sake sa PPTP, kuma duk wanda zai sa abin da kamfani ɗaya ne ke jin sa, ya gaya wa mai kaya kafin ya karɓi kuɗi. RFC 2119 ya raba kalmomi uku, abin da yake dole, abin da ya kamata, da abin da aka ga dama. Mu ma mu raba namu haka.

Mai Eriya (Kuseri):
Takardar na yarda. Faɗa wa mai kaya gaskiya na yarda. Ambulan ɗin ne ban yarda ba, kuma zan faɗi dalili ko da za a ji haushina. Na yi wa wani mutum aiki, eriya huɗu, kwana shida ina kan ƙarfe, hannuna duk ya yi kanta. Ya ba ni rabi ya ce saura ƙarshen wata. Na ba shi komai har kalmar sirri. Ƙarshen wata ya kira wani yaro ya canza ta, ya daina ɗaukar wayata. Yau shekara biyu. Kalmar sirrin nan ita kaɗai ce jinginar da talaka mai hawa ƙarfe yake da ita. Ba mu da lauya, ba mu da kwantiragi.

Hajiya Mai Kanti (Injamena):
Allah ya isar maka, ɗana, wannan zalunci ne, kuma na san ana yi. Amma ni na biya yaron nan har da na goro, ban rage masa ko dala ba. Laifin wani ne ya hau kaina? A kasuwa idan ba a yarda da juna ba, akan ajiye amana a hannun mutum na uku. Ku nemi dattijo a kowane gari, kamar Baba a Garwa, a bar ambulan a wurinsa. An gama biya, ya miƙa wa mai kaya. Ma'aikaci ya ɓace, mai kaya ya kawo shaidar biya ya karɓa.

Mai Eriya (Kuseri):
Wannan zan iya. Amma a rubuta a takardar cewa sai an gama biya, da manyan baƙaƙe.

Baba Injiniya (Garwa):
A rubuta. Ni dai ba zan riƙe na Kuseri daga Garwa ba, ku nemo naku a can. 'Yata ta Ngaundare, ki zana mana takardar ki turo nan kowa ya yi gyara. Kada ta wuce shafi ɗaya, in ta wuce ba mai cikewa a saman ƙarfe.

Ɗalibar Ngaundare:
To Baba, zan turo daren Juma'a in sha Allah. Wa zai duba mini Hausar kalmomin? Ni bututu na saba ji, amma na ji wasu suna cewa rami.

Malamin Fasaha (Mundu):
Bar shi a bututu. Rami ana faɗawa ne, bututu kuwa abu ke bi ta ciki ya fita ɗaya gefen. Ki sa layin Larabci ma idan da wuri, saboda abokan aikinmu na Injamena da Abeshe.

Ɗan Domayo (Marwa):
Salam. Yanzu na dawo daga shagon. Fom bakwai ya aika a gabana, har da mai hotuna uku, ko wanne bai tsaya ba. Ya sa aka kawo mini shayi. Baba, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan mahaifa.

Saura abu ɗaya. Idan wuta ta ɗauke a gidan mutum ta dawo, rautarsa takan yi minti biyu ko uku tana neman shiga ana ƙin ta, a wajena kuma ina ganin sunansa kamar yana ciki bai fita ba. Wannan ma girman ƙunshi ne?

Baba Injiniya (Garwa):
Amin ɗana. A'a, wannan daban ne. Rautar da wuta ta yanke wa ba ta samu ta yi sallama ba, wato ba ta aiko PADT ba, sai sabarka ta ci gaba da riƙe tsohon zaman, kai kuma ka hana mutum ɗaya shiga sau biyu. Sabar tana tura masa tambayar LCP lokaci lokaci tana jiran amsa, sai ta gaji take sakin sa. Rage lokacin jiran zuwa kamar daƙiƙa 30. Kada ka rage sosai, don gidajen da ke kan eriya idan iska ta kaɗa za ta riƙa korar su alhali suna nan. Turo mini hoton shafin saitin, ka rufe sunayen mutane kafin ka ɗauka.